Idan Babu Lambar da Ta Ƙone, Wace Tiransista Za Ka Saka a Fawa?

Wata Laraba na aiki yaron shagona kasuwa da gawar mosfet, wato wani nau'in tiransista da ke buɗe wuta yana rufewa, ƙulle a leda. 10N60 ne, na ciro shi daga fawa, wato sashen ba da wuta, ta wata talabijin ta bango da aka kawo ko jar fitila ba ta kunnawa. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo yana washe baki. "Oga, babu irinsa, amma mai shagon ya ba ni wanda ya fi shi ƙarfi. Namu amfiya goma ne, wannan ashirin." Ya zazzage min IRFP460 a tafin hannu, ƙato, ya kusa ninka wancan a jiki. Na ce ya ɗauko waya ya nemo takardar bayanin kowannensu ya karanta min layin farko. Na farko 600V, na biyu 500V. Ya yi shiru yana sosa ƙeya, can ya ce, "To ai ɗari ɗaya ce kawai." Ɗarin nan ɗaya ita ce tsakanin talabijin da za ta yi shekaru tana aiki da wadda za ta dawo maka ranar Asabar, mai ita a fusace.

Mai shagon bai yi masa ƙarya ba. IRFP460 amfiya ashirin ne, kuma mosfet ne na kirki a inda ya dace da shi. Abin da ke akwai shi ne a kasuwa da amfiya kaɗai ake ciniki, alhali duk lambobin da ke takardar bayani babu wadda ta kai ta yaudara. Kamfani yana auna ta ne lokacin da jikin tiransistar yake a 25°C daram, abin da ba ya faruwa a cikin akwati a rufe, balle a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, inda zafin gari kansa ke haura 40. Ni kafin in kalli amfiya, tambayata ita ce: a ina tiransistar nan take zaune, wane boltej ne ke dukanta, kuma me ke tuƙa ta? Amsar tana sauyawa daga wannan fawa zuwa waccan, shi ya sa madadin da ya yi daidai a fawar kwamfuta yake zama ajalin cajar laftof.

Fawa mai mosfet ɗaya tilo

Cajar laftof, adaftar 12V, fawar ƙananan talabijin na bango, yawancinsu tsari ɗaya ne da ake ce wa fulaibak: mosfet guda, 'yar taransifoma mai naɗin rawayan tef, da IC mai ƙafa shida ko takwas da ke tuƙa shi, irin su UC3842. A nan ne boltej ya fi kashe mutane, don haka mu yi lissafin tare.

Wutar gari 230V ce. Idan ta ratsa dayod huɗu ta zauna a babbar kafasita, sai ta zama kusan 325V, wato 230 sau 1.41. Duk sanda mosfet ya rufe, taransifoma tana mayar masa da wani kaso daga ɓangaren fita, galibi wajen 100V, ya hau kan 325 ɗin. Ban da wannan akwai wani tsini da ke tashi cikin ƙiftawar ido, wanda dayod da rizista da 'yar kafasita da ke gefen taransifoma suke dannewa, amma ba sa kashe shi gaba ɗaya. Ka haɗa su, ka riga ka taɓo 500V, kuma a ranar da wuta ke lafiya ke nan. Ranar da aka kawo ta da ƙarfi, ko janareta ya yi haniniya ta kai 260V, kafasitar kaɗai tana kusan 370V kafin a ɗora komai. Dalilin da ya sa masu ƙera waɗannan fawa suke sa 600V ko 650V ke nan, ba don ado ba.

Na koyi wannan da kuɗin aljihuna. Shekarun baya wani malamin makaranta ya kawo min cajar laftof, mosfet ɗinta mai 600V ya tafi. Ina da IRF840 cike da gwangwani, 500V, 8A, ƙafafu iri ɗaya, jiki iri ɗaya. Na saka, ta tashi, laftof ta ɗauki caji, ya biya ya tafi yana sa albarka. Kwana tara ta yi. Da ta dawo ba mosfet kaɗai ta ci ba, har IC da rizistar da ke ƙarƙashinsa. Ya ajiye ta a kan tebur ya ce, "Malam, ni dai ban yi mata komai ba," kuma gaskiyarsa. IRF840 ba shi da laifi, ni na kai shi gidan da ba nasa ba. Ƙaninsa IRF740 kuwa, mai 400V da 10A, ko kusa kada ka kawo shi nan.

To idan an hana sauka, hawa fa? Daga 600V zuwa 650V, saka kanka tsaye. Daga 7N60 zuwa 10N60 ko 12N60, shi ma babu damuwa, har ma an samu sauƙin zafi, domin RDS, wato turjiyar da ke rage a cikin mosfet idan ya buɗe gaba ɗaya, tana raguwa: 7N60 wajen om ɗaya ne, FQP10N60C kuma 0.73. Wannan lambar ta fi amfiya gaya maka gaskiyar yadda zai yi zafi, kuma ka sani a mosfet na babban boltej tana kusan ninkawa idan cikinsa ya kai 125°C. Tsallakawa zuwa 800V ko 900V ba haramun ba ne, sai dai a girman jiki ɗaya, mai boltej mafi yawa ya fi turjiya, sai ka ga ka sayi kariyar da ba ka buƙata ka biya da zafi.

Inda hawa yake zama garin neman gira a rasa ido shi ne idan ka yi tsalle mai nisa. Get ɗin mosfet, wato ƙafar G da IC ke tuƙa shi ta ita, kamar tulu yake, sai an cika shi yake buɗewa, sai an juye shi yake rufewa, kuma IC tana wannan ɗiban ruwa sau dubu hamsin zuwa dubu ɗari a kowace daƙiƙa. Girman tulun shi ne Qg a takardar bayani. Na IRF840 63nC ne, na IRFP460 210nC, ya haura ninki uku. UC3842 iyakar abin da take iya turawa wajen amfiya ɗaya ne, ƙananan IC masu ƙafa shida ma ba su kai haka ba. Idan tulun ya yi mata girma, mosfet yakan daɗe a tsakiya, bai buɗe ba bai rufe ba, kuma a wannan tsakiyar zafi yake haihuwa. Sai ka sa ƙato, ya fi ƙaramin da ka cire ɗaukar zafi, kana ta mamaki. Wani lokaci ma fawar ba za ta tashi ba, sai dai ka ji tana tik, tik: UC3842 tana farawa a 16V, tana mutuwa idan wutarta ta faɗi ƙasa da 10V, ƙaton get ɗin kuma yana shanye 'yar kafasitar da ke ciyar da ita kafin taransifoma ta karɓi aikin. Irin su 20N60C3 na Infineon, mai 0.19 om a jikin TO-220, wato jiki irin na IRF840, abu ne mai kyau ƙwarai, amma a caja mai 65W kamar ka ɗauko tirela ne don kai buhun gero ɗaya. Gidansa, da shi da IRFP460, shi ne manyan fawa, musamman sashen PFC da ke ɗaga wutar babbar kafasita zuwa wajen 400V, inda babu taransifomar da ke ƙara masa wani abu a kai.

Sai jiki. Dubi bayan wanda ka cire, ƙarfe ne ko baƙar roba? FQP10N60C da FQPF10N60C abu ɗaya ne a ciki, harafin F ɗin nan na nufin an lulluɓe bayansa da roba. Bayan mosfet mai ƙarfe haɗe yake da ƙafar tsakiya, wato yana ɗauke da ɗaruruwan bolt. Idan asalin mai roba ne aka ɗaure shi kai tsaye a kan ƙarfen sanyaya, kai kuma ka sa mai ƙarfe ba maika, wato siririn fallen da ke raba shi da ƙarfen, ba zoben roba a kan noti, ko dai fis ya tashi nan take, ko ƙarfen sanyaya ya zama tarko ga hannun wanda zai buɗe bayanka. Akasin haka ya fi sauƙi amma ba kyauta ba ne: mai ƙarfen an rubuta masa 156W, mai robar 50W, don roba ba ta miƙa zafi kamar ƙarfe. Ni abin da na tarar shi nake mayarwa.

Ruwa kuma ba ya tsami banza. Kafin sabon ya hau, auna rizistar da ke ƙasa da om ɗaya a ƙafar S, da ta get, da dayod ɗin zena idan akwai, da dayod huɗun gaba, da dayod ɗin ɓangaren fita. Idan mosfet ya narke har get, ka ɗauka IC ta tafi ko da ba ta nuna ba. 'Yar kafasitar da ke kusa da IC kuwa ba na ma auna ta, canza ta nake yi, kuɗinta bai kai na ruwan leda biyu ba a da. A fawar dikoda da DVD da yawa ma babu zaɓi, mosfet ɗin yana cikin IC, kamar VIPer22A, sai dai ka nemo lambar da kanta.

Tagwaye: gidan su 13007

Tsofaffin fawar kwamfutar tebur, da fawar nan mai akwatin ƙarfe mai huji-huji da ake sa wa kyamarorin tsaro da fitilun LED, sukan zo da tiransista biyu a jere a kan ƙarfe ɗaya, IC mai lamba TL494 ko KA7500 na tuƙa su ta wata 'yar taransifoma. A wannan tsarin kowacce boltej ɗin babbar kafasita kawai take gani, ba a ƙara mata komai a kai, shi ya sa 400V ke isa a nan alhali 500V bai isa ba a fulaibak.

Zuriyar masu lambar da ke farawa da 1300 ta samo asali ne daga Motorola, mai sa MJE a gaba, yau kuwa kamfanoni da yawa suna yin ta, za ka ga KSE13007, ST13007 ko E13007 kawai. Duk ba mosfet ba ne, tiransistocin NPN ne masu 400V, bambancin a amfiya yake: 13003 1.5A, 13005 4A, 13007 8A, 13009 12A. A manyan fawa kuma akan ga C2625, mai 10A a faffaɗan jiki. Idan 13007 ta ƙone na tarar da 13009, ba na ko tsayawa tunani, ƙafafu ɗaya, jiki ɗaya, kuma abin da ke tuƙa ta yana iyawa. Saukowa daga 13009 zuwa 13007 ne ba na yi, domin mai ƙera fawa mai arha ba ya sa babbar tiransista sai dole ta sa shi. In ka ga 13009, to yana buƙatarta.

Su biyun ake canzawa tare, daga kamfani ɗaya, ko da mita ta ce ɗayar lafiyarta ƙalau. Wadda ta tsira ta sha duka lokacin da 'yar'uwarta ta mutu. Ban da haka, aikinsu karɓa-karɓa ne, sai wannan ta rufe waccan take buɗewa. Tiransista irin wannan ba ta rufewa nan take idan an janye mata wuta a bes, wato ƙafar B da ake tuƙa ta da ita, takan yi ɗan jinkiri na miliyan-kason daƙiƙa biyu ko uku, kuma an tsara fawar da sanin wannan jinkirin. Ka sa mai nawa, wata rana za su haɗu a buɗe su biyu, 325V ta bi ta cikinsu kai tsaye, ka ji tau.

Saboda haka tiransistocin amfilifaya ba su da wurin zama a nan, komai girmansu. C5200 tana da kwarjini, 15A, 150W, amma 230V ce, kuma don kiɗa aka yi ta, ba don buɗe-rufe ba. TIP41C 100V ce, ba ta ko isa a yi maganarta ba. Mosfet ma ba ya maye gurbin 13007, duk da cewa ramukan fanel suna karɓarsa, B C E a wannan, G D S a wancan, har ka ga kamar an yi su don juna. Kama da wane ba ta wane. Bes amfiya yake sha a kan boltej da bai wuce ɗaya da 'yan kai ba, get kuma 10V yake so kafin ya buɗe sosai. Abin da ke kashe tagwayen nan a mafi yawan fawar da na buɗe ƙananan kafasita biyu ne da ke kan hanyar bes, masu 1µF zuwa 10µF. Zafi ya busar da su, tuƙin ya yi rauni, tiransista ta dinga dahuwa a hankali. Wanda ya canza tiransista ya bar su zai sake sayen wasu biyun.

A bayan 'yar taransifomar tuƙi akwai C945 guda biyu. Su ba boltej ne matsalarsu ba, ƙafafu ne. Ka riƙe ta fuskar da ke da rubutu tana kallonka, ƙafafu ƙasa, daga hagu: C945 da C1815 E C B ne, suna musanya da juna lafiya lau. BC547 C B E ce, 2N3904 kuma E B C. Duk za su iya aikin, amma sai ka murɗa ƙafafu ka sa wa ɗaya rigar roba. 13001 da 13003 na ƙananan caja sun fi ban haushi, don lamba ɗaya kamfani biyu sukan juya mata ƙafafu, sai ka auna da mita kafin ka narka dalma. Haruffan Japan kuma suna rage wahala: A da B PNP ne, C da D NPN, K mosfet mai N, J mai P, kuma a jiki ba a rubuta 2S ɗin farko.

Masu gyaran talabijin mai doro, waɗanda har yau ba su ƙare ba a ƙauyuka da gidajen kallo, suna da nasu tarkon. D1710 da D1555 duk 1500V ne, jikinsu ɗaya. Amma D1555 ta layin hoto ce, akwai dayod a cikinta tsakanin C da E, da rizista tsakanin B da E. Wannan rizistar tana shanye 'yar wutar da fawa ke tashi da ita, sai ka sa ta a gurbin D1710 fawar ta yi gum. Ita ce kuma ke sa sabon shiga ya auna sabuwar D1555 ya ce ta ƙone. Haka BU508A da BU508D, harafin D ɗin dayod ne.

Tsohon yayi mai ƙatuwar taransifoma

Fawar benci da ta rediyon sadarwa mai 13.8V, masu nauyi kamar dutsen niƙa, lissafinsu daban ne. A nan tiransista ba ta buɗe-rufe, tsaye take a tsakiya tana ƙone rarar wuta. Idan 20V ke shiga, 13.8V ke fita, ana jan 10A, to 62W ne ke zama zafi a jikinta. Sauri ba shi da amfani, wat ake kallo, shi ma ba wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe ba.

Sarauniyar wannan gida 2N3055 ce, wadda RCA ta fito da ita tun farkon shekarun 1960: 60V, 15A, 115W, jikin ƙarfe mai kama da hular kwano. Mutane da yawa suna ɗaukar TIP3055 a matsayin ita ce aka sauya wa riga, tunda 60V da 15A ɗin ɗaya ne, wat kuma 90. Duba abin da ke faruwa idan jiki ya kai 100°C. 2N3055 cikinta yana jure 200°C, sai ya rage mata wajen 65W. TIP3055 iyakarta 150°C, abin da ya rage mata 36W ne. A takarda tazarar kaɗan ce, a cikin zafi kusan rabi ce. TIP35C mai 25A da 125W, wadda masu shago ke yabo, a wannan zafin 50W take bayarwa, ƙasa da tsohuwar da aka raina. Wanda ke son ya huta ya nemi MJ15003, 140V, 20A, 250W, jiki da ramuka irin na 2N3055, a 100°C tana da sauran wajen 140W, ko 2N3773 mai 150W. Idan tiransistocin biyu ne ko huɗu a haɗe, kada ka cire ƙananan rizistocin da ke ƙafar E, wato emita, su ke raba kayan daidai. Darlintin irin TIP142 kuwa, wato tiransista biyu a jiki ɗaya, ba madadin kai tsaye ba ce, tana cin boltej ninki biyu a bes, kuma ƙarfin haɓakawarta na iya sa fawar ta fara rawa.

Inbata

Inbata fawa ce da aka juya, kuma a garuruwanmu ita ta fi kawo aiki. Gardamar kullum tsakanin IRFZ44N ce da IRF3205. Duka 55V ne. Na farko 49A da 0.0175 om, na biyu 110A da 0.008 om, ko da yake takardarsa da kanta ta ce ƙafafun TO-220 ba sa wuce 75A. Inbata mai 1000W a batir 12V tana jan fiye da 83A. A ce mosfet huɗu ne a kowane ɓangare, kowanne na ɗaukar wajen 25A. A lokacin da yake buɗe, IRFZ44N zai ƙone kusan 11W, IRF3205 kuma 5W. Ta wannan fuskar babu gasa.

Sai dai tulun nan ya sake dawowa: 63nC ne da 146nC. A inbata mai ƙatuwar taransifomar ƙarfe da ke buɗe-rufe sau 50 a daƙiƙa, wannan ba komai ba ne, sa IRF3205 ka yi barci. A 'yar inbata marar nauyi, mai ƙaramar taransifoma da IC mai lamba SG3525 ke kaɗawa sau dubun-dubata, huɗu a haɗe sun zama 584nC a maimakon 252. Idan akwai ƙananan tiransistocin tuƙi tsakanin IC da get, galibi za su ɗauka. Idan IC ce kai tsaye, ka sa yatsa a ƙarfen sanyaya bayan minti goma ba kaya, in ya fi da ɗumi, ka koma lambar asali.

Inbatar 24V ita ce inda ake asarar kuɗi. Idan taransifomar mai waya uku ce, ta tsakiya tana zuwa batir, kowane mosfet yana ganin ninki biyu na batir. Batir 24V da ke cikin caji yana kai 28.8V, ninka shi, 57.6V, ya riga ya wuce 55V tun kafin tsini ya zo. Nan sai mai 75V irin 75NF75, ko ma gara mai 100V irin IRF3710 ko IRFB4110. Idan kuwa tsarin gada ne mai ɓangare huɗu da taransifoma mai waya biyu, kowanne batir ɗaya yake gani, shi ya sa za ka iya buɗe wata inbatar 24V ka tarar da 55V daga kamfani. Ƙirga wayoyin taransifoma kafin ka aika kasuwa. Kuma idan ɗaya ya ƙone a layi, layin duka ake saukewa a sa iri ɗaya daga leda ɗaya. Gauraya Z44 da 3205 a layi guda na nufin mai ƙaramar turjiya ya ɗauki kayan kowa.

Sabo ko tokumbo

Duk lissafin nan ya tsaya ne a kan cewa abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki, kuma a IRF3205 da 2N3055 da 13009 sau da yawa ba haka ba ne. Na taɓa sayen 3205 guda ashirin a wani shago, arha kamar a mafarki. Takwas suka tashi a gwajin farko. Na sa ɗaya a bakin filaya na fasa, ƙwayar da ke ciki ba ta fi ƙwayar gero ba, na fasa wani tsoho da na ciro daga UPS, tasa ta ninka ta sau da yawa. Araha ba ta ado.

Ba sai ka fasa ba ma. Samu batir 12V da kwan fitilar mota mai 55W, wanda ke jan wajen 4.5A. Haɗa S da ƙafar batir marar wuta, wato mai alamar ragi, kwan tsakanin D da mai wuta, sannan ka ba get 12V. Kwan zai kama. Sa mita a milibolt, ka ɗora tsinkayenta a ƙafafun D da S dab da jiki. IRF3205 na gaske ba zai wuce wajen 37mV ba. In ka ga 100 ko fiye, wani ƙaramin abu ne aka yi wa rawani. Rubutun da ke gogewa da ɗan fetur da ƙafafu sirara su ma alamu ne. Tambari kaɗai kuwa ba hujja ba ce, don kamfanonin sun sha sauya hannu: IRF840 da IRFP460 suna cikin waɗanda Vishay ta saya daga International Rectifier a 2007, Infineon ta sayi sauran kamfanin a 2015, Fairchild mai FQP ta koma hannun ON Semiconductor a 2016. IRF840 mai tambarin Vishay ba jabu ba ne don wannan.

Ni a manyan tiransistoci, tsakanin sabo da ban san asalinsa ba da wanda na ciro da hannuna daga mataccen fanel na kamfanin kirki, na ciro nake ɗauka. Ƙafafunsa gajeru ne, ya sha zafi, amma na san ko wane ne. Ƙananan irin C945 kuwa sabo ya wadatar.

Talabijin ɗin nan ta Laraba, a ƙarshe 12N60 mai bayan roba muka samu a fanel ɗin wata da gilashinta ya fashe. Kafin mu taɓa komai na sa yaron ya juye babbar kafasita ta cikin kwan fitila, ba da sukundireba ba, ya auna ya ga sifili. Muka canza rizistar S da ta buɗe, da IC, da 'yar kafasitarta, muka shafa farin man sanyaya siriri muka ɗaure. Ba mu ba ta wuta kai tsaye ba. A gurbin fis muka ɗaura kwan fitila mai zare na 100W, irin na da, wanda yanzu sai an sha yawo ake samu, don na LED ba ya wannan aikin. Idan akwai sauran matsala kwan zai haska ya tsaya a haske, mosfet ya tsira. Na ce ya kunna. Kwan ya yi wal, ya dushe, jar fitilar gaba ta kama. Muka mayar da fis, muka bar ta tana nuna ƙwallo har magariba, ina kashewa lokaci-lokaci ina taɓa ƙarfen sanyaya da bayan yatsa. IRFP460 ɗin yana nan a durowa ta biyu, a cikin ledar da yaron ya rubuta wa PFC da biro.